The Cocoanuts na 1929: Yadda Aka Ɗauko Wasan Daɓe Aka Tsayar da Shi Gaban Makirufo

A farkon shekarar 1929, 'yan'uwa huɗun nan 'yan wasan barkwanci na Amurka da ake kira Marx Brothers aiki biyu suke yi a yini ɗaya. Da safe su tsallaka kogi zuwa unguwar Astoria da ke yankin Queens a birnin New York, inda kamfanin Paramount yake da ɗakin ɗaukar fim. Da dare su koma Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo na birnin, su hau dandamali, su yi sabon wasansu mai suna Animal Crackers a gaban jama'a. Abin da suke ɗauka da rana kuwa tsohon wasansu ne, The Cocoanuts, wanda suka riga suka yi sau ɗaruruwa har ya zauna musu a jiki. Shi ne ya zama fim ɗinsu na farko mai magana, aka fara nuna shi a New York a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar.

Mutane da yawa idan suka kalle shi yau sukan ce fim ne mai sanƙarewa, kyamara ba ta motsi, sauti yana shaƙewa, waƙoƙin soyayyarsa ba armashi. Duk gaskiya ne. Amma ni a ganina wannan gazawar ita ce ta adana mana abin da ba don ita ba da ya ɓace: wasan barkwanci na daɓe na shekarun 1920, kusan yadda mai tikiti ya gan shi daga kujerarsa. Abu guda kawai aka kasa ɗaukowa daga gidan wasan, kuma rashinsa ne ya fi komai yi wa fim ɗin illa.

Inda wasan ya fito

An buɗe The Cocoanuts a gidan wasa na Lyric da ke Broadway ranar 8 ga Disamba, 1925. Sam H. Harris ne ya ɗauki nauyinsa, George S. Kaufman ya rubuta labarin, Irving Berlin ya rubuta waƙoƙi. An yi shi sau 276 a New York kafin a zagaya da shi wasu biranen Amurka.

'Yan'uwan ba sababbin shiga ba ne a lokacin. Mahaifiyarsu Minnie ce ta tura su sana'ar tun suna yara, suka yi wajen shekara ashirin suna yawon ƙananan gidajen wasa daga gari zuwa gari, irin wasannin nan da ake haɗa waƙa da rawa da barkwanci a dare ɗaya. A wannan yawon ne kowannensu ya samo kamarsa. Julius ya zama Groucho, mai gashin baki na fenti da sigari a hannu da bakin da ba ya hutawa. Leonard ya zama Chico, mai kwaikwayon maganar baƙin haure 'yan Italiya, gwanin piyano. Adolph ya zama Harpo, wanda ya daina magana a dandamali kwata-kwata, sai fito da busa ƙahon roba da kaɗa babban kayan kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, wato harp, da aka sa masa suna da shi. Autansu Herbert, wato Zeppo, shi ne ake ba matsayin saurayi mai hankali, kuma yawanci ba a ba shi abin yi sosai.

Abin da Kaufman ya zaɓa ya yi wa ba'a shi ne haukan sayen filaye da ya kama jihar Florida a farkon shekarun 1920. Mutane daga arewacin Amurka suna sayen fuloti ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Mutum ya ba da kafin alƙalami, ya karɓi takarda, ya sayar da takardar da riba kafin lokacin biyan ragowar kuɗi ya zo. Wasu filayen fadama ce, wasu ma ruwa ne ya rufe su. Lokacin da aka buɗe wasan kasuwar tana kan ganiyarta, don haka a cikin masu dariya a gidan Lyric ba za a rasa mai irin wannan takarda a aljihu ba. A 1926 kasuwar ta fara durƙushewa, sannan guguwar da ta afka wa Miami a watan Satumba ta ƙarasa ta. Wato lokacin da aka zo yin fim a 1929, ba'ar ta koma ta abin da ya wuce. Sai dai wata biyar bayan fara nuna fim ɗin kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, a Oktoban 1929, kuma Groucho, wanda ya shafe shekaru yana wasan mai damfarar masu zuba jari, yana cikin waɗanda suka yi asarar mafi yawan abin da suka tara.

Labarin kansa ba shi da nauyi. Groucho shi ne Mista Hammer, mai wani otal a Florida wanda ba baƙi, ba kuɗin biyan ma'aikata, yana neman ya yi gwanjon filaye ya farfaɗo. Baƙuwarsa mai kuɗi ita ce Misis Potter, wadda Margaret Dumont ta fito a matsayinta tun a dandamali. 'Yarta Polly tana son Bob, akawun otal mai burin zama mai zanen gine-gine, uwar kuma tana so ta aura mata Harvey Yates don tana zaton ɗan manya ne. Yates ya haɗa baki da wata mai suna Penelope suka sace sarƙar wuyan Misis Potter, aka ɗora wa Bob laifi. Chico da Harpo sun iso otal ɗin da akwati fanko, da niyyar su fita da shi cike. A ƙarshe gaskiya ta fito. Iyakar labarin ke nan, kuma an gina shi ne don 'yan'uwan su sami abin da za su yi ta rushewa.

Me ya sa Paramount ta so shi

A watan Oktoban 1927 kamfanin Warner Bros. ya fitar da The Jazz Singer, jama'a suka ji murya tana fitowa daga allo, suka ƙi yarda a koma baya. Cikin shekara guda da 'yan watanni kowane kamfani ya shiga neman masu iya magana da waƙa. Taurarin fim marar sauti da yawa ba su taɓa furta layi a gaban jama'a ba, su kuwa 'yan Broadway abincinsu ke nan. Paramount tana da gata ɗaya: ɗakinta na Astoria bai da nisa da gidajen wasan, don haka tana iya ɗaukar ɗan wasa da rana ba tare da ta raba shi da aikinsa na dare ba.

Ga 'yan'uwan Marx kuma sauti shi ne ƙofar da suke jira. Sun taɓa gwada wani gajeren fim marar sauti a 1921, bai je ko'ina ba, ya ma ɓace. Ba abin mamaki ba ne, domin in aka raba Groucho da bakinsa me ya rage?

Morrie Ryskind, wanda ya yi aiki tare da Kaufman, shi ya daidaita rubutun don fim. Aka ba mutum biyu aikin ba da umarni: Robert Florey, Bafaranshe wanda ya san kyamara, da Joseph Santley, wanda ya fito daga dandamali ya san rawa. George Folsey ne ya riƙe sashen ɗaukar hoto.

A cikin ɗakin ɗauka

Nan ne ainihin lamarin yake. Kyamarar wancan zamani tana da ƙara, shi kuma makirufo ba ya bambance muryar ɗan wasa da kukan inji. Maganin da aka samu shi ne a kulle kyamara da mai riƙe ta cikin wani akwati mai kaurin bango, ana ɗauka ta cikin gilashi. Akwatin ba ya yawo, cikinsa zafi kamar tanda, kuma hoton da ke ratsa gilashin yakan ɗan dusashe. Fim marar sauti kafin wannan lokaci ya riga ya koyi bin mutum da kyamara, hawa sama, sauka ƙasa, shiga cikin taro. Shigowar sauti ta mayar da hannun agogo baya na ɗan lokaci.

Makirufo kuma ana rataye shi ne a wuri guda, dole ɗan wasa ya tsaya kusa da shi in ana so a ji shi. To ka kawo mutanen da suka saba tsalle kan kanta, bin 'yan mata da gudu, ficewa ta wannan ƙofa su ɓullo ta waccan, ka ce su tsaya kan alamar da aka zana musu a ƙasa. Idan Harpo ya yi wani abin da ba a shirya ba, wataƙila ya fita daga idon kyamara. Idan Groucho ya ƙara wata magana yana tafiya, wataƙila makirufo bai kama ba. Su kuwa ba su saba maimaita abu iri ɗaya sau biyu ba. Ana ba da labarin cewa tun a Broadway Kaufman ya taɓa katse hira a bayan dandamali, ya ce ya ji kamar an faɗi wani layi daga cikin waɗanda ya rubuta.

Akwai wani ƙaramin abu da nake so mai kallo ya lura da shi, domin ya fi kowane bayani nuna halin da ake ciki. Duk takardar da ta bayyana a fim ɗin a jiƙe take. Ƙarar takarda busasshiya tana cika makirufo har ta danne magana, sai aka riƙa tsoma wasiƙu da taswirori cikin ruwa kafin a fara ɗauka. A fitowar da Groucho ya shimfiɗa wa Chico taswirar filayen da za a yi gwanjo, ana ganin takardar tana langaɓewa a hannunsu, ba ta ko motsin kirki. Wannan fitowar ita ce mafi shahara a fim ɗin: Groucho yana nuna wata gada a taswira, Chico ya ji kalmar Turancin da ake kiran irin gadar da ita, viaduct, kamar an ambaci agwagwa, ya nace sai an gaya masa me ya sa agwagwa ba kaza ba. Mutum biyu a zaune a tebur, kyamara a kafe, mintoci suna tafiya, babu abin da ke riƙe da mai kallo sai saurin baki da iya saƙa magana. Kuma ta riƙe. A nan rashin motsin kyamara bai cuci kowa ba, domin haka aka gina abin tun farko, don a kalle shi daga gaba, a ji kowace kalma.

Kiɗa ma a take ake ɗaukarsa. Ba a riga an saba da ɗaukar waƙa tukuna a sa 'yan wasa su bi da baki ba, don haka makaɗa suna zaune a gefe, inda kyamara ba ta ganinsu, suna kiɗa yayin da ake rawa. In mai rawa ɗaya ta yi kuskure, kowa ya koma farko, da makaɗa da mawaƙa da masu kyamara.

Duk da haka Florey bai miƙa wuya gaba ɗaya ba. A wata rawar ya ɗora kyamara can sama tana kallon ƙasa kai tsaye, 'yan rawa suka zama kamar furen da ke buɗewa yana rufewa. Wannan hoto ne da mai zama a gidan wasa ba zai taɓa gani ba, kuma ya zo kafin mai tsara rawar fim Busby Berkeley ya mayar da irinsa tambarinsa a shekarun 1930. Haka nan fitowar ɗakuna biyu masu maƙwabtaka, inda aka yanke bango ana ganin ɗakunan a lokaci guda, mutane suna shiga suna fita suna ɓuya ƙarƙashin gado: dabarar dandamali ce tsantsa, amma ta zauna daram a allo saboda ba a yanyanka ta ba.

Abin da aka kasa ɗaukowa

'Yan kallo. Ɗan barkwancin daɓe da kunne yake aiki. Ya jefa magana, ya saurara, dariya ta tashi, ya jira ta fara sauka, sannan ya jefa ta gaba. In dariyar ta yi tsawo ya cike wurin da ɗaga gira ko kaɗa sigari, in ba ta zo ba ya wuce da sauri kafin a lura. 'Yan'uwan Marx sun shekara ashirin suna auna maganarsu da wannan ma'auni. A Astoria aka ce kowa ya yi tsit, ko ma'aikaci ba shi da izinin dariya don kada ta shiga makirufo.

Sakamakon yana nan a fim ɗin ga mai kunne. Wani wuri Groucho yakan ɗan dakata bayan magana, yana barin gurbin dariyar da ya saba samu, sai gurbin ya zauna fanko. Wani wuri kuma ya jero maganganu uku a jere ba numfashi, ta yadda a gidan sinima mai cike da mutane dariyar ta farko za ta binne sauran biyun. Har ma akwai inda harshensa ya ɗan sarƙe aka bar shi haka, saboda sake ɗauka yana da tsada da wahala. Wannan ba gazawar ɗan wasa ba ce. An raba shi ne da abokin aikinsa na kullum, ba a kuma ba shi madadi ba.

Margaret Dumont ce ta rage masa wannan rashi. Tsayuwarta ƙyam, da yadda take karɓar cin fuska da mamaki na gaske kamar ba ta taɓa jin irinsa ba, suna ba Groucho bangon da zai riƙa jifa. Na daɗe ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. An yi ta yaɗa cewa wai ba ta gane barkwancin da ake yi da ita, alhali mace ce da ta yi shekaru a dandamali, kuma duk wanda ya kalli inda take dakatawa da inda take juyowa ya san ta san abin da take yi.

Harpo shi ne wanda sauti bai takura wa ta fuskar magana ba, kuma shi ne ya fi tsira. Ya ci maɓallan rigar yaron otal, ya sha tawada, ya gatsa wayar tarho, ya yi ta yayyaga wasiƙun baƙi ɗaya bayan ɗaya da natsuwa kamar aikin da aka sa shi. Sannan a tsakiyar wannan ɓarna ya zauna da kayan kiɗansa, fuskarsa ta canza, ya yi kiɗa da gaske ba wasa. Wanda bai ji Turanci ba zai rasa rabin Groucho da kusan dukan Chico, domin dariyarsu a cikin harshen take, amma Harpo zai same shi cif. Wannan ma wata asara ce da sauti ya kawo wa sana'ar baki ɗaya: fim marar magana yana tsallaka iyakar ƙasa da sauya 'yan rubuce-rubucen allo kawai, mai magana kuwa ya ɗaure da harshensa.

Waƙoƙin

A nan ne fim ɗin ya fi rauni, kuma ba na jin akwai amfanin kare shi. Irving Berlin yana cikin manyan marubuta waƙa na Amurka, amma The Cocoanuts bai haifar masa da waƙar da ta yi tashe ba. Waƙarsa Always, wadda ta shahara ƙwarai daga baya, ana cewa an so a sa ta a wasan daɓen aka cire ta kafin a buɗe, ko da yake wasu suna musun haka. Don fim ɗin ya rubuta sabuwa, When My Dreams Come True, aka yi ta maimaita ta: masoya su rera, Harpo ya kaɗa, a sake rerawa a ƙarshe. Mary Eaton da Oscar Shaw, waɗanda suka fito a matsayin Polly da Bob, sanannu ne a Broadway, amma kyamara ta matso kusa da su fiye da yadda kujerar gaba take matsowa. Shaw ya haura shekara arba'in yana wasan saurayi, kuma murmushin da ake yi don na bayan zaure ya gani yakan yi yawa idan fuska ta cika allo.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kano ba baƙon abu ba ne a wurinmu labari ya tsaya a yi waƙa. Mun kuma san bambancin waƙar da ke ciyar da labari gaba da wadda aka cusa don a cike lokaci. A dandamali waƙoƙin nan suna da aikin yi: suna ba 'yan barkwanci damar hutawa, a sauya kayan dandamali a bayan labule, 'yan kallo su huce daga dariya. A fim babu labulen da za a ja, babu wanda ke haki. Aikin waƙar ya tafi, ita kuma ta zauna. Wadda ta yi rai a cikinsu ita ce wadda aka mayar barkwanci, inda ɗan sandan ciki Hennessy yake kukan rigarsa da aka sace, da karin kiɗan Carmen, wasan waƙa na Bafaranshe Bizet.

A cikin 'yan wasan gefe, Kay Francis da ta fito a matsayin Penelope ce ta fi dacewa da kyamara. Ba ta daɗe da shiga fim ba a lokacin, amma ba ta ɗaga murya, ba ta wuce gona da iri, kuma cikin 'yan shekaru ta zama ɗaya daga manyan taurarin Warner Bros.

Abin da ya biyo baya

An ce da 'yan'uwan suka ga fim ɗin ransu ya ɓaci har suka nemi su saye shi don kada a fitar. Paramount ta ƙi. An kashe wajen dala 500,000 a kansa, ya kawo kusan dala miliyan 1.8, ya shiga sahun finafinai masu magana na farko da suka yi kasuwa sosai. Mutumin ƙaramin gari da ba zai taɓa zuwa Broadway ba ya ga Marx Brothers da kuɗi kaɗan. Mahaifiyarsu Minnie ta ga wannan nasara kafin ta rasu a watan Satumban 1929.

A 1930 aka koma Astoria aka ɗauki Animal Crackers, wannan karon da darakta ɗaya, Victor Heerman, wanda ya rage waƙoƙi ya bar barkwanci ya yi jagora. Daga nan suka ƙaura Hollywood, kuma Monkey Business na 1931 shi ne na farko da aka rubuta musu don allo kai tsaye. Kafin lokacin an sami murfin da ke danne ƙarar kyamara ba sai an kulle ta a akwati ba, an kuma sami doguwar sandar da ke bin ɗan wasa da makirufo. Matsalar inji ta warware cikin shekara biyu zuwa uku.

Kwafin The Cocoanuts da ya iso gare mu an harhaɗa shi ne daga kwafi daban-daban, shi ya sa hoton yakan yi kyau a wata fitowar ya dusashe a ta gaba. Tun ranar 1 ga Janairun 2025 kuma haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, kowa na iya nuna shi.

Matsalar rashin 'yan kallo ita ce ta daɗe ba a magance ba. Sai a 1935, bayan sun koma kamfanin MGM, furodusa Irving Thalberg ya yarda a gwada wata hanya kafin ɗaukar A Night at the Opera, wanda Kaufman da Ryskind ɗin nan dai suka rubuta. Aka ɗauki manyan fitowar barkwancin fim ɗin aka zagaya da su gidajen wasa a birane irin su Seattle da Salt Lake City, ana yin su a gaban jama'a sau da yawa a yini. Marubuta suna zaune da agogo suna auna tsawon kowace dariya. Maganar da ba ta ba da dariya ba a sauya ta ko a jefar, wadda ta ba da kuma a rubuta daƙiƙa nawa za a bar mata. Da aka zo gaban kyamara, an riga an san inda Groucho zai dakata da tsawon dakatawar.